Ƙafar Kyamarar Yaya Alu

Duk wanda ya yi aure ko suna ko saukar karatu a Kurfi cikin shekarun nan, in ya buɗe akwatinsa zai tarar da aikin yayana a ciki. Alu Mai Hoto ake ce masa. Ni Yaya Alu nake cewa, in kuma ya ba ni haushi in kira shi "A Gyara Tsayuwa", don maganar da ta fi yawa a bakinsa ke nan. Siriri ne dogo, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka saboda ratayar jakar kyamara, ga tsantseni na fitar hankali. Zai jera ango da abokansa a rana har gumi ya jiƙa musu shadda, wai hular na gefe ta karkace. Su yi ta tsaki suna harararsa, amma ranar da hoton ya fito kowa sai ya ce a wanko masa nasa.

Shagonsa ɗan ƙarami ne a kusa da tasha, kuma ba ka ganin fentin bangon saboda hotuna. Akwai amare, akwai 'yan ƙwallo, akwai ɗaliban Islamiyya riƙe da alluna, har da wani bajimin sa da mai shi ya ce a ɗauka masa kafin ya kai shi kasuwa. Mutumin da ya ɗauki rabin gari ke nan, amma ya haura shekara hamsin a duniya ba shi da hoto ko ɗaya da yake zaune tare da matar da ta haife shi. Ba rasuwa ta yi ba, tana nan Barkiya da ranta. Ba kuma faɗa suka yi ba.

Shi ne ɗan farin Inna, ni Fiddausi ni ce auta. Mu Fulanin Barkiya ne, irin waɗanda Fillancin ya tsere mana sai gaisuwa da sunayen shanu, amma kunyar tana nan daram ba ta je ko'ina ba. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama kusa da shi a gaban mutane. Matan yanzu sun sassauta, wata ma goya nata take yi ta shiga kasuwa tana kiran sunansa. Inna kuwa ta riƙe abin nan da hannu bibbiyu. Ana yaye Yaya Alu, Goggo Rekiya, yayar mahaifinmu, ta ɗauke shi zuwa Kurfi. A can ya girma, a can ya manne wa wani mai ɗakin hoto har ya koyi sana'ar.

Tun ina ƙarama na san yadda zuwansa gida yake. Zai jingine babur a waje, ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta ya gaishe ta. Ita kuwa sai ta juya wa ƙofar gefe, ta ɗauki faifai ta shiga tsintar abin da babu, ta amsa wa bango gaisuwar. Can sai ta ce, "Fiddausi, tambayi baƙonku ko ya ci abinci." Alhali tun asuba ta dama fura da nonon da ta hana kowa taɓawa, in an kawo masa kuma ta ce ragowa ce aka rasa mai sha. Da ƙuruciya na ɗauka ba ta son sa ne, har tausayinsa nake ji in ina kwance a cinyarta shi yana tsugune a ƙofa. Da ya fara sana'a sai ta samu sauƙi, don ta samu abin kiransa. Daga ranar ya zama "mai hoto" a bakinta.

Ba hoto Inna take gudu ba. A wayata akwai ta da ni, akwai ta da jikoki, har akwai wanda take dariya haƙoran goronta duk a waje. Amma Yaya Alu ya ɗaga kyamara, kafin ya kai ta ido ta ja mayafi ta rufe fuska. In kuwa aka ce ya matso kusa da ita wani ya ɗauka, nan take za ta tuna da tukunya a kan wuta, ko da ranar ba a hura wuta a gidan ba. Ya gwada a bikina, ya gwada a sunan 'ya'yansa, ya gaji ya bari. Mu ma muka mayar da abin wasa, muna tsokanarsa cewa ga wadda ta gagari A Gyara Tsayuwa.

Bara wasan ya ƙare. Goggo Rekiya ta rasu kafin saukar damina, kuma damina na tsakiya zazzaɓi ya kwantar da Inna, irin kwanciyar da ta sa muka ɗauko ta zuwa asibiti a nan Dutsin-Ma inda nake aure. Allah ya tashi kafaɗarta, amma ta tashi a rame, zobenta har zamewa yake yi daga yatsa. Ranar da aka mayar da ita gida, Yaya Alu ya biyo ta wurina, ya zauna a tsakar gida ya ƙi taɓa abincin da na ajiye masa.

Ya ce, "Fiddausi, in Inna ta tahi, mi zan nuna ma ɗiyana? In ce ga ta nan a takarda guda, ga ni nan a wata takardar, ku yarda ita ta haihe ni?"

Na ce, "To kai da ka iya haɗi a kwamfuta? Ɗauki nata a wayata ka manna naka a gefe mana."

Ya harare ni. "Na sha ajiye mutum gaban Ka'aba alhali bai taɓa wuce Katsina ba. Wannan na masu so ne. Ni ban son na ƙarya."

Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da wannan al'ada tamu da ta sa ƙato mai furfura yake bara a kan abin da ni na samu kyauta tun ina tsumma. Na faɗa masa haka, har na ce zan je in yi wa Inna magana gatsal. Ya ce kada in kuskura, kunyarta mutuncinta ce, ba zai karɓe mata ita da tsufanta ba. Sai ya ba ni labarin abin da ya lura da shi a asibiti. Wata rana da la'asar na fita sayen magani, ɗakin ya rage daga shi sai ita. Ya zauna a ƙarshen gadonta yana jira ta juya masa baya kamar kullum, ba ta juya ba. Idonta biyu, tana kallon rufin ɗaki, ƙafarta na kusa da gwiwarsa, ba ta janye ba. Sai da ta ji takuna a baranda sannan ta mirgina ta fuskanci bango.

Ya ce, "Kin gane? Idon mutane ne. In babu mai kallo za ta zamna. Sai dai a samu abin da zai riƙe kyamara wanda ba shi da ido."

Nan na fashe da dariya, don duk Kurfi an san ra'ayinsa game da ƙafar kyamara, mai ƙafa ukun nan da ake ɗora kyamara a kanta, wadda masu sana'ar ke kira sitan. Shekara da shekaru yana cewa kayan ragwaye ce, wai mai hoton da hannunsa ba ya tsayuwa gara ya koma sayar da rake. Ga shi yau yana neman ta ido rufe. Ya bar ni na yi dariyata har na gaji, sannan ya ce in na gama in taya shi nema.

Ta farko aro muka yi a wurin Jannat, maƙwabciyata mai tallan atamfa a waya. Wata 'yar siririya ce mai sheƙi, ƙafafunta ba su fi karan dawa kauri ba, an yi ta ne don waya. Yaya Alu ya ɗaura mata kyamararsa mai nauyi, ya kafa ta a tsakar gidanmu na Barkiya daidai inda Inna take shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Inna ta fito, ta ga abu dogo tsaye ya sunkuyo da kai yana leƙen wurin zamanta, ta ja ta tsaya.

Ta ce, "Wane ne wanga tsaye bisa kaina ba sallama?"

Ta juya ta koma ɗaki. Ba ta ma gama sakin labule ba wata akuya ta zo ta ga ta samu wurin susa. Goga ɗaya ta yi, abin ya tafi luu. Yaya Alu ya yi wani tsalle da ban san yana da shi ba, ya cafe kyamarar a iska, shi kuma ya sauka a kan gwiwar hannu har ta sale. Daga cikin ɗaki muka ji muryar Inna, tana ƙoƙarin danne dariya: "Fiddausi, duba ko wani ya ji ciwo." Da za mu tafi ta aiko da man shanu a murfin kwano, wai a shafa wa duk wanda ke bukata.

A hanyarmu ta dawowa, yana tuƙi ina baya riƙe da sitan ɗin Jannat, ya yi ta lissafa abin da ya koya. Dole ta zama mai nauyin da akuya ba za ta ture ba. Dole ƙafarta ta kama yashi, don tsakar gidan Inna ba siminti. Abu mafi girma kuma, kada ta tsaya a kan Inna. A tarbiyyarmu ƙarami ba ya tsayawa ƙiƙam a kan babba yana zaune, kuma Inna ba ta ga dalilin da zai sa a ɗauke wa ƙarfe wannan doka ba.

Akwai wani Badaruddeen da ke da shagon kayan waya da na hoto a hanyar jami'a nan Dutsin-Ma, mutum mai fara'a da son zance. Can muka je. Ya fito mana da duk abin da yake da shi, ya fara da wata baƙa sabuwa dal, ya zare ƙafafunta ya murɗa wani hannu, ta yi ta tashi har ta wuce kansa.

Ya ce, "Malam Alu, wannan ko a taron siyasa ka kafa ta, ta saman kan kowa za ka ɗauka."

Yaya Alu ya ce, "Ba tsawo nike nema ba. Wacce ta iya durƙusawa?"

Badaruddeen ya dube shi, ya dube ni. Ya ce tun da ya buɗe shago kowa tambayarsa yake ina iyakar tsawonta, yau ne aka fara tambayarsa ina iyakar gajartarta. Da na yi masa bayani a taƙaice sai ya bar dariya, ya ce shi ma kakarsa har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan mahaifinsa ba. Ya ce mu kwashe su duka mu fita waje, a gwada a kan ƙasa.

Ranar na ga tsantsenin yayana ya yi amfani. Kowace sai ya kafa ta a yashin gefen titi, ya dafa kanta da tafin hannu ya danna, ya murɗa hagu da dama yana kasa kunne ko za ta yi ƙara. Sabuwar baƙar nan maƙallanta na roba ne, yana dannawa ƙafa ɗaya ta zame ciki a hankali, ya ajiye ta gefe. Wata kuma tana da ƙarfi, amma an haɗe ƙafafunta da wasu sanduna a tsakiya, ba sa buɗewa sosai, iyakar saukarta ƙirjin mutum. Ya ɗora wa wata kyamara ya ƙwanƙwasa ƙafarta da yatsa yana leƙawa ta madubin, ya ce hoton yana rawa. Har ya ja baya ya zo ya goge su da cinya ɗaya bayan ɗaya, yana kwaikwayon akuya, 'yan acaɓa suka tsaya suna kallon dattijo da hula yana susa a jikin ƙarfe. Ni dai na ja mayafi na yi kamar ba tare muke ba.

Da duk suka faɗi jarrabawa, Badaruddeen ya shiga ciki ya daɗe yana ture kwalaye, ya fito da wata tsohuwa ta hannu, fentinta duk ya kwarzane, wadda ya ce wani mai ɗaukar bidiyon biki ya bari don ta yi masa nauyi. Mummuna ce, ba ƙarya. Amma ƙarfe ce tun daga sama har ƙasa, maƙallanta ma na ƙarfe, kuma ana iya ƙara musu ɗauri da sukurudireba in sun saki. A ƙarƙashin robar kowace ƙafa akwai tsini da ke nutsewa cikin ƙasa. Akwai ƙugiya a tsakiya da za a rataya wani abu mai nauyi saboda iska. Sai Badaruddeen ya danna wani ɗan maɓalli a saman kowace ƙafa, ƙafafun suka baje waje, ya zare sandar tsakiyar ya ajiye, abin ya yi ta sauka har kansa ya dawo daidai gwiwata.

Yaya Alu ya zauna dirshan a ƙasa da fararen kayansa, ya tanƙwashe ƙafa kamar mai zaman tabarma, ya dubi kan sitan ɗin. Suna daidai da juna, ido da ido. Ya dafa ta ya danna da dukkan nauyinsa, ko gezau. Ya ce, "Wannan tana da ladabi." Bai ko tsaya dogon ciniki ba, abin da ban taɓa gani ba a wurinsa.

Muka sa ranar Talata, don ita ce ranar da ba shi da biki. Lokacin kaka ne, an fara yankan gero, hanyar Barkiya duk ciyawa ta bushe. Nauyin sitan ɗin ya sa babur ya yi ta tangaɗi a cikin yashi, har wani wuri sai da muka sauka ya tura shi ta cikin ciyawa. Da muka isa na shiga wurin Inna ni kaɗai, don mun yi shawara ba za mu yi mata sata ba.

Na ce, "Inna, abin nan shi kaɗai zai ɗauka, babu kowa a bayansa. Ni ma fita zan yi, in kwashe yara da matan gida. Ba mai leƙowa."

Ta daɗe tana gyara bakin zanenta. Sannan ta ce, "Ni ina ruwana. Tabarmata ce, nan nike zama kullum."

Wanda ya san Inna ya san ta amsa ke nan. Na kora kowa waje, na ce ana rabon alewa a ƙofar gida, na zauna a zaure na tare hanya da ƙafata. Abin da na gani na ƙarshe shi ne Yaya Alu a durƙushe yana nutsa tsinin ƙafafun a ƙasa, ya ɗora wani dutse a kan ƙafar da ke bangaren turken awaki, ya saita kyamarar yadda za ta riƙa ɗauka da kanta a kai a kai. Ban taɓa jin zama ya yi mini tsawo kamar wannan ba. Ina ta jiran in ji ƙarar faɗuwar ƙarfe ko ta sakin labule.

Can sai ga shi ya fito. Ya zauna kusa da ni a dakalin zaure ya miƙo mini kyamarar, na riƙa dannawa ina kallo a ɗan gilashin bayanta. Na farko Inna ce ita kaɗai a tabarma, tana kallon gefe. Na biyu ga bayansa yana tafiya wurinta. Sai ga shi ya zauna a can bakin tabarmar, tsakaninsu filin da za a ajiye ƙwarya biyu, shi yana kallon gabas ita tana kallon yamma. Aka yi hotuna da yawa a haka, ba wanda ya motsa. A wani iska ta taso, ganyen darbejiya ya zubo, mayafinta ya tashi. A wani ga kunnen akuya ya shigo ta kusurwa, ta zo susarta. Amma gindin bishiyar yana wuri ɗaya a kowane hoto, bai gusa ko kaɗan ba.

Sai na zo kan wanda Inna ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafarsa. A na gaba ta matso. A na gaba hannunta yana kan bakin wandonsa, inda ƙarangiya ta manne masa lokacin da ya tura babur, tana cire masa ɗaya bayan ɗaya tana tarawa a tafin hannunta na hagu. Fuskarta a buɗe, ta ɗaure gira irin na mai aiki. Shi kuwa ya sandare, ya zuba wa kyamara ido, idanun sun cika taf. A na ƙarshe bakinta a buɗe yake, kuma fuskarta wajensa take.

Na ce, "Yaya, magana take yi? Da wa?"

Ya share fuska da hannun riga. Ya ce, "Da ni. Ta ce in riƙa duba inda nike takawa."

Na yi kuka a zauren nan har yara suka bar alewa suka zo suna kallona. Tun da ya yi wayo, ranar ce ta fara yi masa magana kai tsaye ba ta bi ta bakin wani ba, kuma faɗa ta yi masa. Ni da na sha faɗanta har na ƙoshi ban taɓa sanin abin marmari ba ne sai ranar.

Ya wanko wanda take cire ƙarangiyar, babba, ya ba ni in kai mata don shi ba zai iya ba. Ta karɓa ta nesanta shi da ido, ta matso da shi, ta juya shi wajen haske. Ta daɗe ƙwarai tana kallo, har na ga babban yatsanta yana shafa gefen takardar. Can ta taɓe baki.

Ta ce, "Bai yi ba. Zanen ga tsoho ne, kamar ba ni da wani. Ki ce ma mai hoto ya maido abin nan nashi ran Talata a sake."

Na miƙa hannu in karɓi wanda bai yi ba ɗin, ta ɗaga filo ta tura shi ƙarƙashi ta zauna a bakin gadon.

Tun daga nan duk Talata Yaya Alu yake rufe shago, ya ɗaure ƙarfen nan a bayan babur ya kama hanyar Barkiya. In na samu dama nakan bi shi in yi gadin zaure, in ban samu ba matar wani yayana da ke gidan ta karɓe ni. Zaman sai ƙara tsawo yake yi, wani lokaci har ina jiyo muryoyinsu ƙasa-ƙasa. Kowane hoto kuma da aibin da Inna take samo masa: wannan kaza ta shiga, wancan inuwa ta yi yawa, na makon jiya wai ta fito kamar mai jin barci. Har yau dai ba a samu wanda ya yi mata ba.